Ƙuri'ar Gaiwa

A wani daji da ake kira Rafin Kanya, Zaki ya tsufa ya mutu bai bar magaji ba, dabbobi suka wayi gari babu mai ce musu ku yi ko ku bari. Ana cikin kallon-kallo sai Hankaka ya dawo daga yawon birni da wata kalma a baki, doguwa kamar igiyar guga: dimokuraɗiyya. Babu wanda ya iya faɗinta daidai, amma kowa ya ji ta yi masa daɗi. Birai suka yi ta tsalle a kan rassa, Zomo ya zagaye dajin kaf yana shelar taro, saboda ɗoki har ya manta bai faɗi inda za a taru ba.

Duk da haka aka hallara a gindin wata kuka, da tsakiyar rani. Giwa ta zama shugabar taro, don ta riga ta zauna a gaba kuma babu mai iya ɗaga ta. Hankaka ya hau reshe ya gyara tsayuwa. Shi dama da kayan lauya aka ƙyanƙyashe shi, baƙar riga da farin ƙirji.

Ya ce, "Jama'a, ku buɗe kunnuwa, doka ba ta son kame-kame. In ɗaya ya gaji mulki daga ubansa, sarauta ke nan, mun gan ta mun binne ta. In ɗaya ya ƙwace da farce ya hana kowa tari, wannan kama-karya ne. In 'yan kaɗan masu manyan haƙora suka haɗa kai suka raba daji, mulkin 'yan tsiraru ke nan. Amma dimokuraɗiyya, a ma'anarta ta doka, ita ce mulkin da jama'a ke yi wa kansu, ko da bakinsu ko ta bakin wakilansu. Jama'a kuwa duk mai numfashi ne a dajin nan, daga Giwa har Kiyashi. Kowa ƙuri'a ɗaya, abin da mafi yawa suka so shi za a yi."

Wuri ya kaure. "Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi!" in ji Kiyashi, ya faɗi sumamme don murna. Har Kura ta rangaɗa guɗa, ko da yake na kusa da ita sun ɗan matsa.

Shawarar farko ba ta da wuya. Mulkin jama'a ba ya zama a gindin bishiya, dole a gina masa majalisa. Laka kuwa babu kamar ta Tafkin Kanya, ga shi ya ƙafe, haƙa kawai za a yi.

A nan ne Kififfiya, tsohuwar kunkurun ruwa, ta ɗago kai. Ita ta san abin da ke ƙarƙashin tafkin. Duk shekara in ruwa ya janye, Gaiwa da danginta sukan nutse cikin laka, kowacce ta dunƙule a ɗakinta ta yi barci, tana cin jikinta har damina. Bana ma da za ta shiga, sai da Gaiwa ta leƙo ta ce, "Maƙwabciya, ga amanar gida da ta yara, sai ruwa ya sauka." Kififfiya ta ce ta karɓa.

Ta ja jiki zuwa gaba ta ce, "Ranki ya daɗe, shugaba, ina da magana. Malam Hankaka ya ce duk mai numfashi jama'a ne. To, akwai masu numfashi a ƙasan tafkin nan, sun fi mu nan yawa. Gidansu za a haƙa, kuma suna ciki. Ina roƙo a dakata har ruwa ya sauka su farka, a ji ta bakinsu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Hankaka ya ji daɗi ƙwarai, don babu abin da lauya ke so kamar tambaya.

"Iya, kin burge ni! Gaiwa jama'a ce, babu mai musu. Ƙuri'arta tana nan, babu mai taɓa mata. Amma zaman taro sai da rani, lokacin da hanyoyi suka bushe, don kowa ya samu zuwa. An yi shela, ko ba a yi ba, Zomo?"

"Har bakin tafkin na je," in ji Zomo, "na faɗa da ƙarfi."

"Wani ya ce a'a?"

"Shiru na ji."

"To, shiru ma magana ce."

Taro ya yi ta tafi. Kififfiya ta ce, "In ba za a jira su ba, ai ka ce ana magana ta bakin wakili. A ba su wakili."

"Madalla!" in ji Hankaka. "Kun ga yadda abin ke aiki? Sai dai wakilin kifi dole ya zama wanda ya fi kowa sanin kifi. Wa ke nan?"

Zalɓe ya tako da dogayen ƙafafunsa, a natse, kamar mai zuwa gaisuwar rasuwa. Ya ce, "Ni ba mai son muƙami ba ne. Amma tun ina ƙarami nake tsaye a bakin tafkin nan, rana da iska, ina duban al'ummar nan. Na san mashigarsu, na san mafitarsu. Kakana ya yi hulɗa da kakanninsu. Wallahi suna cikin raina, wasu ma sun wuce nan. In jama'a ta ɗora mini nauyin, ba zan ƙi ba."

Kififfiya ta yi ta ihu cewa an ba kura ajiyar nama, amma muryar kunkuru ba ta keta guɗa. Aka zaɓi Zalɓe. Aka sa shawarar haƙa a ƙuri'a, daji ya ɗauka da "Mun yarda!" Zalɓe ya ɗaga baki ya ce, a madadin dukan gaiwoyi, su ma sun yarda. A'a guda ɗaya tak aka samu, ta Kififfiya, Hankaka ya yaba mata matuƙa, ya ce ita ce shaidar cewa babu wanda aka toshe wa baki.

Washegari aiki ya kankama da kiɗa da waƙa. Mugun Dawa ya sa haure yana haƙa, birai suna jida. Abin da ya fi faranta musu rai shi ne yadda lakar ke fitowa curi-curi, tubali shiryayye, babu wahalar murzawa. Suka ce wannan alamar albarka ce. Curin da ya fito lafiya a kai shi bango. Wanda haure ya fasa kuwa, wakili yana tsaye a gefe don duba lafiyar na ciki. Ƙananan curi su suka fi fashewa. Kififfiya tana bin birai tana kuka, tana ƙwanƙwasa kowane curi tana kiran maƙwabciyarta, har muryarta ta dushe. Ta kai ƙara a madadin gaiwoyi, aka ce wanda aka cuta sai ya zo da kansa.

Majalisa ta tashi, gwanin kyau. Ranar buɗe ta kowa ya yi ado, Giwa ta fara jawabi, sai hadari ya haɗo daga gabas. Ruwan farko ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Bango ya jiƙa, ya yi laushi, sai aka ga yana motsi. Nan kai ya ɓullo, can wutsiya ta fito. Kafin a ce kwabo gaiwoyi suna ta zubowa daga kowace kusurwa, rufi ya zauna a bayan Giwa, 'yan majalisa suka yi ta kansu.

Gaiwa ta faɗo cikin wani kududdufi a gaban Kififfiya, ramammiya, tana lumshe ido.

"Maƙwabciya, ina ne nan? Me aka yi a bayana?"

"Dimokuraɗiyya aka yi," in ji Kififfiya. "An haƙe tafki. An ce ke ma kin yarda."

"Ina yarana?"

Kififfiya ta kasa haɗa ido da ita. Ta juya ta dubi Zalɓe, wanda ya yi ƙiba har tashi na yi masa wuya. "Suna wajen wakilinku."

Gaiwa ta ɗago kai daga ruwa ta ƙwalla ƙara, "Ban yarda ba! Ba mu yarda ba!" Sauran gaiwoyi suka amsa, har muryarsu ta danne ta ruwan sama.

Hankaka ya leƙo daga ƙarƙashin ganye yana karkaɗe rigarsa, idonsa na ƙyalli. "Allahu akbar, jama'a ta farka! Wannan shi ne abin da muke so. Sai dai ƙuri'a ba ta ƙirguwa sai a zaman majalisa, majalisa kuwa ga ta a ƙasa. Za a sake gini, a kira zama na musamman, a saurari kokenku daga farko har ƙarshe."

Nan take aka sa rana, tsakiyar rani mai zuwa, don kowa ya samu zuwa.