Ɗorin Hannun da Bai Karye Ba

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka yaye mini mayafi a asibiti ba, ko da na so. Ni ce fa matar da in aka ji takuna a unguwarmu, nan bayan tsohuwar kasuwar Agadas, kowa yake gyara zama. Ban taɓa shiga lakol, makarantar boko, ba, amma ba a yi mini wayo. Haka nake cewa a da.

Tansiyo, wato hawan jini, ce ta kai ni asibitin. Hannuna na hagu ya fara yi mini nauyi, kuma daga hagu ciwon Yayata ya fara kafin rabin jikinta ya shanye. Shekara huɗu ina juya ta a shimfiɗa. Mutuwa ba ta ba ni tsoro kamar a ce ni ma sai an juya ni.

Lokotoro, likitan asibitin, ya duba takardar jinina, ya ce ƙodata ta yi rauni. Ya yi dogon bayani, autata Ramatu tana gyaɗa kai (ita ke rubuta wannan, ina ganin bakinta yana motsi). Ya ce ƙashi ba busasshen itace ba ne, akwai sinadarin da yake saki cikin jini. In ƙoda ta gaza sai ya yi yawa, kuma ana ganin yana da hannu wajen taurin jijiyoyin jini. Ya ce in rage gishiri da kanwa, in sha ƙwayoyina kullum.

Ni kuwa abu ɗaya na ɗauko: ƙashina yana zubar da wani abu. Abin da ke zuba ai ya tsage. Kuma tun kakanninmu ƙashin da ya tsage ba ƙwaya ake ba shi ba, gidan maɗori ake kai shi.

Na ce wa Ramatu gaisuwa zan je, na nufi gidan maɗori. Maɗori ya latsa hannun daga kafaɗa har yatsu.

“Hajiya, wannan hannun ya fi nawa lafiya.”

“Lokotoro ya ce yana yoyo.”

“Ƙashi ne ko tulu?”

“Na san ka tun kana riƙe wa mahaifinka tsumma. Ɗaure.”

Ya shafa man shanu, ya yi tofi, ya jera sanduna shida, ya ɗaure. Na ce ya ƙara tamkewa.

Kwana takwas ina ɓoye shi cikin babban mayafi, a zafin nan namu. Ƙwayoyin kuwa na ajiye su, wai kada magani biyu su yi faɗa. Yatsuna suka kumbura. Kowace safiya sai na duba madubi ko bakina ya karkace. Ramatu ta ce ɗakin yana warin man shanu, na ce ta kama bakinta.

Ranar komawa, na miƙa hannun dama a auna.

“Na hagun ma, Inna,” in ji lokotoro. “Ai shi kika ce yana nauyi.”

Kafin in yi magana Ramatu ta yaye mayafin. Sanda ɗaya ta zame, ta gangara har bakin ƙofa, inda maƙwabciyata Hajiya Zali take zaune kan layi. Matar da na sha yi wa faɗa kan yawon neman magani.

“Inna, yaushe kika faɗi?” in ji lokotoro.

“Ban faɗi ba. Kai ka ce yana zuba.”

Bai yi dariya ba, da ya yi ma da ya fi mini sauƙi. Ya kwance tsumman a hankali, ya ce ɗaurin ne ya tare jini har yatsun suka kumbura. Da ya auna, tansiyon ta fi ta farko. Ya tambaya ina ƙwayoyin. Na ce na ajiye su. Ya ce abin da nake gudu, da ƙafata na kusa kai kaina gare shi.

Kafin la’asar matan unguwa sun cika tsakar gidana, kowacce tana “Sannu da karaya, Hajiya,” tana kallon rufi.

Yanzu in lokotoro ya yi magana, cewa nake ya maimaita, sau uku ma in ta kama. Hannun ya sake, tansiyon ta sauka. Sandunan kuwa Ramatu ta adana su. Duk ranar da na fara cewa na san abin da nake yi, sai ta ɗauko ɗaya ta ajiye kusa da ƙwayoyina, ta fita.