Warwaron Zinaren Lisensiyado Fulgencio

Duk garinmu da ke cikin duwatsun Cibao babu mutum kamar Lisensiyado Fulgencio Almánzar. Lisensiyado laƙabin masu digiri ne. Babu wanda ya taɓa ganin digirin, amma babu wanda ya isa ya kira sunansa gatsau. Shi ne mai duba sikelin 'yan kasuwa, suna yi masa kirari da Sarkin Awo. Mutum ne mai tsantseni, ba ya karɓar cin hanci ko kaɗan. Kaji da ayaba ne kawai suke bin sa gida don tsabar ƙauna.

Abu ɗaya ne ya tsaya wa wannan bawan Allah a rai. Bara amininsa Nicanor, mai gyaran babur, ya kai iyalinsa otal ɗin bakin teku, irin wanda ake ɗaura wa baƙo warwaron roba a hannu ya ci ya sha iya cikinsa. Nicanor ya dawo da shuɗin warwaro, ya ƙi cirewa har ya koɗe. Duk sanda ya buga wasan domino a teburin ƙofar kantin Chepe, sai warwaron ya yi rawa a gaban hancin Lisensiyado.

Ran nan Sarkin Awo ya miƙe, ya gyara ɗamara, ya ce, "Shuɗi na gama-gari ne. Akwai mai ruwan zinare, na manya. Zan je in huta, don ƙasa tana bukatar in huta. Idan na dawo, a kan teburin nan za ku ga bambancin mutum da mutum."

Ya ɗauki matarsa, Doña Casilda, suka tafi. Da yarinyar da ke karɓar baƙi ta ɗaura masa na zinaren, sai ya ce, "Ƙara matsewa, 'yata. Ƙara dai. Ba a yi wa abin daraja ɗaurin sako-sako." Ta matse har ramin ƙarshe, maɓallin ya kama, irin kamun da sai almakashi.

Daga nan aka fara hutu. Lisensiyado ya huta kamar yadda yake duba kasuwa. Hannun hagu mai warwaron ne ke fara shiga ɗakin cin abinci, sauran jikin ya biyo baya. Ya lura har yara masu wasan yashi suna da irin warwaronsa, ya ce zai ga manaja a kan wannan sakaci.

Ya shiga ajin rawar bachata, ya koya wa malamin yadda ake yi, hannu a sama kamar mai rantsuwar kama aiki. Ya sa tabaran ruwa don ya kalli kifaye, amma ya bar hannun a waje kada gishiri ya ci zinaren. Mai ceto ya hango hannu a sama, ya busa usur, ya faɗa ruwa, ya jawo shi ta wuya har gaɓa. Ruwan bai wuce ƙugunsa ba.

"Atisaye na ba shi," in ji Lisensiyado, Gwarzon Teku, yana tofar da yashi. "Yaron ba laifi."

Washegari ya hau ƙaramin kwalekwale. Da yake da hannu ɗaya yake tuƙi, kwalekwalen ya yi ta juyi a wuri guda. Ya ɗaga murya ya sanar da masu kallo cewa nazarin igiyar ruwa yake yi. Igiyar ta zo don a yi nazarinta da kyau, ta kifar da shi. Wayarsa ta nutse da duk hotunan da ke ciki, amma warwaron, abin alfahari, ko jiƙewa bai yi ba.

Ita kuwa Doña Casilda, da ba ta da ilimin hutu, tana can kwance a gadon lilo ƙarƙashin bishiyar kwakwa. Ta sha ruwan kwakwa, an yi mata kitso, ta koyi kwanciya rigingine a kan ruwa. Jifa-jifa ta buɗe ido ta ce, "Fulo, sauke hannun nan mana. Ai ba tasi kake tarewa ba."

Bai sauke ba. Rana ta gasa hannun, soyayyen kifi da gishiri suka ƙarasa aikin. Hannu ya kumbura kamar burodi, robar ta nutse cikin nama, yatsun suka koma shuɗaye, launin gama-gari. Nas ɗin otal ta duba sau ɗaya, ta ɗauko almakashi.

"Malama, kin san wanda kike shirin yanke wa daraja kuwa?"

"Ranka ya daɗe, ko warwaro ko hannu."

Lisensiyado ya tsaya yana auna su, don awo sana'arsa ce. Da awon ya yi tsawo, Doña Casilda ta ce, "Yanke, 'yata." Ya nemi guntayen, aka ce doka ta hana fita da su. Suka shiga kwandon shara.

A hanyar komawa gida ya dubi jan zoben da ya kewaye wuyan hannunsa, fata ta saluɓe, sai hikima ta zo masa. Roba kowa ma yana samu. Tambari a jiki kuwa sai manya. Ya iso kantin Chepe da yamma, ya naɗe hannun riga, ya aza hannun a tsakiyar tebur, yana jiran tafi.

Nicanor ya sunkuya ya duba, ya girgiza kai.

"Kai, mutumina! Ashe gaskiya ne. Yaushe suka sako ka?"

Ashe tun da wayarsa ta daina shiga, kasuwa ta ɗauka cewa masu bincike daga babban birni sun zo sun yi gaba da shi.

"Wane irin saki? Daga bakin teku nake!"

"Ankwa ce ta ci shi haka," in ji Chepe. "Na ƙanena ma haka ya yi. Ka riƙa shafa man kwakwa, yallaɓai."

"To ina zinaren?" in ji Nicanor a hankali. "Ko hoto ɗaya?"

Daidai lokacin Doña Casilda ta zo wucewa, fuska sai sheƙi. Lisensiyado ya ƙwala mata kira ta faɗa musu gaskiya.

"Ni dai rabona da hutu irin wannan tun kafin aure," ta ce, ta wuce abinta.

Tun daga ranar kaji suka daina bin Sarkin Awo gida. Ana gyara masa kujera, ana gaishe shi da ya jiki. Mu kuma a unguwa, a karon farko tun da na yi wayo, an ji mutane suna yabon gwamnati, wai ta fara aiki.