Oga Sallau A Cikin Tanki

Wani mutum ne mai walda a Kaduna, ana ce masa Oga Sallau. Da cika baki sana'a ce, da tuni ya gina bene hawa bakwai. Shi ne shugaban masu walda a garejin Alhaji Mudi, inda ake ƙera manyan tankuna, kuma a faɗarsa ƙarfe tsoronsa yake ji. Ya ce ya taɓa liƙe gada jirgin ƙasa na tafiya a kanta. Ya ce in ya haɗa ƙarafa biyu, su kansu mantawa suke yi an taɓa raba su. Gwajin aikinsa kuwa guda ɗaya ne tal. Ya ƙwanƙwasa da guduma, ƙwal-ƙwal, ya kara kunne, ya lumshe ido, ya ce, "Ya yi."

Ana nan sai wani kamfanin man gyaɗa ya ba Alhaji aikin tanki ɗaya na gwaji. In ya yi kyau, goma sha biyu na tafe. Sharaɗin kawai, sai injiniyan kamfanin ya zo ya duba waldar ya sa hannu. Alhaji ya ja Sallau gefe ya gaya masa ba wasa: in tankin nan ya faɗi, shugabanci ya koma hannun Barau. Shi kuwa Barau, mataimakin Sallau, shekara goma sha ɗaya ke nan yana jiran kujerar kamar mai azumi na jiran kiran sallah.

To, ga inda gizo ke saƙa. Akwai wata tsaga siririya a waldar gefen tankin, kuma Sallau ya san da ita. Maimakon ya sake aikin a ce Oga ya yi kuskure, sai ya lafta mata fenti hawa uku ya kama bakinsa.

Ranar duba aiki mota ta tsaya. Sallau ya ruga wurin direba, ya kama hannunsa da hannu biyu, ya shiga ranka ya daɗe Injiniya, an zo lafiya, ya hanya. Sai da ya gama zuba gaisuwa direban ya nuna masa wata mata da ta fito daga baya, da hular kwano a kan ɗankwali, da akwati a hannu. Injiniya Balaraba ke nan. Aikinta gano ɓoyayyiyar tsaga a jikin ƙarfe ba tare da an yanka ko an fasa ba, kuma shekararta tara tana yi. Irin wannan tarba ta sha ta har ta daina yi mata ciwo.

Sallau ya dube ta sama da ƙasa.

"'Yata, babban injiniyan yana hanya ne?"

"Ni ce babban, Baba. Ƙaramin ma ni ce."

Da ta buɗe akwatin ya ga gwangwanayen feshi guda uku, sai ya tuntsire da dariya har da dukan cinya. Ya tara ma'aikata su zo su ga an turo mace da maganin sauro ta duba aikin Sallau. Ya ce ƙarfe ba tuwo ba ne da za a ɗanɗana a ji ko ya nuna. Balaraba ta zagaya tankin sau ɗaya, ta shafa fentin da yatsa, ta ce a kankare shi daga kan duk layin walda kafin ta dawo daga sallar azahar.

Nan Sallau ya ga asirinsa na shirin tonuwa.

Amma gwanin dabara ba ya rasa ta yi. Ya san abin da direbobi ke yi wa tankin mota in ya fara yoyo a hanya: a goga masa sabulu. Ma'aikata na gama kankara suka tafi cin abinci, ya sunkuci sabulun wanki, ya hau tsani, ya shige ta ƙofar saman tankin, sulul. Ko farar shaddar da ya sha don tarbar baƙo bai tsaya cirewa ba.

Bai yi lissafi da rana ba. Cikin tankin ya zama tanda. Sabulun ya jiƙe da gumi, ya suɓuce fit, ya gangara cikin duhu. Yana lalube da rarrafe sai ya ji muryar Balaraba a waje, ta dawo, Alhaji da su Barau na biye da ita. Fita ta gagara. Sai ya ce to, in babu sabulu ai akwai Sallau. Ya juya ya manna bayansa a kan tsagar, ya tokare ƙafafu, ya danne iya ƙarfinsa. Duk abin da za ta fesa, sai dai ya tarar da shi a hanya.

Alhaji ya tambayi ina Oga. Barau ya ce wataƙila ya je liƙe wata gadar. Aka kwashe da dariya, tankin ya kawo wa Sallau ita har da amsa-kuwwa. Ransa ya ɓaci ƙwarai, amma ba halin ko tari.

Fsss, ta fesa gwangwani na farko ta goge wurin. Fsss, ta fesa wani jan ruwa a kan waldar. Ta yi wa Alhaji bayani cewa ruwan nan ya fi kananzir iya kurɗawa, duk ƙanƙantar kafa sai ya shige ta, amma yana son a ba shi minti goma sha biyar. Barau ya ce tunda aikin Oga ne, a ba shi talatin don girmamawa. Aka ba shi talatin. Aka kawo wa Injiniya kujera da ruwan sanyi, Sallau yana jin ƙarar buɗe kwalba, tsss, yana haɗiyar busasshen yawu.

Da lokaci ya cika ta goge jan tas, ta fesa na uku, fari kamar alli. Kowa ya zuba ido. Can sai ga jan layi yana fitowa a kan farin, a hankali, kamar ana ja da biro.

Alhaji ya yi salati. Ya tambaya ko shi ke nan an rasa. Balaraba ta ce da saura. In tsagar a fatar waje ta tsaya, a goge ta da injin gurza a sake bi, tanki ya wuce yau. In kuwa ta huda har ciki, ya faɗi. Ta ɗauki tocila ta hau tsani, ta haska.

Ido biyu suka ƙyalla mata daga ƙasa.

"Baba, me kake yi a nan?"

"Binciken ciki. Mu manya daga ciki muke farawa."

Ya matsa gefe ya ce ta haska bangon da kyau. Ta haska. Ƙarfe tsaf, ko ɗigon ja babu. Sallau da kansa ya yi mamaki, sai baki ya dawo masa. Ya fito yana ɗigar gumi, ya sauko da tsani da ƙyar, ya gyara hula. Ya tsaya gaban Balaraba, ya ba jama'a baya, ya ɗaga yatsa ya fara wa'azi: gani ya kori ji, shekara talatin a walda ba kwana talatin ba ce, a koma a gaya wa kamfani su riƙa turo maza.

Barau ne ya fara dariya. Ya toshe baki, abin ya fi ƙarfinsa, ya zube ƙasa. Sauran suka bi. Direba ya riƙe ciki ya jingina da mota. Alhaji kaɗai bai yi dariya ba, ya ce, "Sallau, juyo."

A bayan farar shaddar, daga kafaɗa zuwa kafaɗa, ga jan layi ɗoɗar, har da 'yar lanƙwasar da ya yi a jikin tankin. Duk abin da ya huda ciki, rigar ta shanye shi.

"Kada ka motsa, Baba," in ji Balaraba. Ta ciro abin awo ta ɗora masa a baya, Barau ya riƙe mata ɗaya bakin ba a roƙe shi ba. Ta ɗauki hoto, ƙyas, ta rubuta tsawon. Ta ce shekara tara tana farautar tsaga, yau ce rana ta farko da wata ta sauko mata da tsani da ƙafarta.

Sallau ya fara borin kunya, wai zoɓo ne ya zube masa tun da safe. Alhaji ya ce masa ya rufe baki ya miƙa wa Barau makullin sito, shugabanci ya koma hannunsa.

Balaraba ta rufe akwatinta, ta dube shi cikin ladabi.

"Saura abu ɗaya, Baba. Kamfani ba ya karɓar rahoto sai da shaida. Ko ka tuɓe rigar ka ba ni, ko ka shiga mota in miƙa ka tare da takardar."

Da singileti Oga Sallau ya tare ɗan acaɓa ranar.