Yadda Na Gano Matan Badafi Suna Manta 'Ya'yansu

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a Badafi ba, kuma Allah Ya sani na yi iya ƙoƙarina in manta. Shekarata ta biyar ke nan ina jan digiri na biyu. Waɗanda muka shiga tare sun gama, wasu har sun fara koyarwa, ni ina nan da jaka a kafaɗa ina gaishe da masinjoji. Sashenmu ya rubuto mini cewa wannan zangon shi ne na ƙarshe: ko in kare kundina, ko a sallame ni. Na gaji, irin gajiyar da barci ba ya yi mata komai.

Bincikena a kan yadda ƙwaƙwalwa take aiki ne idan ana magana da mutum. Tunda ba dama ka buɗe kan mutum ka leƙa, dabarar da ake yi ita ce a auna lokaci. Ka yi tambaya, rikoda tana ɗauka, daga baya ka ƙirga sakan nawa ya wuce kafin amsa ta fito. In ta fito da sauri, abin yana kusa. In an yi jinkiri, lalube ake yi. In shiru ya yi tsawo, an manta. Haka na haddace shi, haka kuma na ɗauko shi na nufi ƙauye.

A ƙa'ida, kafin tambayoyi masu wuya ana fara sa mutum ya jero abin da ya sani sarai, don a san saurinsa na yau da kullum. Mai duba aikina, wata dattijuwa marar yawan magana da kowa yake kira Dakta, ta amince in sa mata su jero ƙauyukan da ke kewaye da su. Ni ce da wayona na canza a cikin mota, tsakanin Kwanar Dangora da Kiru. Na ce ina ruwan matar aure da sunan ƙauyuka? Abin da uwa ta fi sani a duniya ai 'ya'yanta ne. Sai na soke waccan na rubuta: "Jero mini sunayen 'ya'yanki, daga babba zuwa ƙarami." (Har yaba wa kaina na yi a zuci. A yafe mini.)

Na sauka a gidan wani hedimastan firamare, abokin kawuna, shi ya nemar mini izini wajen magidanta. Mako shida na yi a ƙarshen damina ina shiga gida-gida, ga caɓi, ga sauro, ga kwamfutar da kullum sai an kai ta shago caji. Mata arba'in na zauna da su. Dokar aikin ta ce mai bincike ya karanta tambaya yadda take, kada ya yi bayani, kada ya ja hira, kada ma ya kalli fuskar mai amsa don kada ya karkata ta. Ni kuwa na bi doka sau da ƙafa. Iyafis a kunne, ido a kan kwamfuta, ina kallon layin murya yana hawa yana sauka.

Abin da na yi ta samu iri ɗaya ne. In na karanta tambayar, sai shiru, dogon shiru. Sai 'yar dariya. Sai matar ta fara jero sunaye tiryan-tiryan, amma in na duba adadin 'ya'yan da maigidanta ya ba ni, kullum da giɓin ɗaya, kuma kullum na farko ne. Wata ta ce "babban", wata ta ce "yaron nan". Takardata gida biyu gare ta, "ta tuna" da "ta kasa", don haka duk na zuba su a na biyu. Akwai wadda ta ce mini, "Ai wannan ba ya faɗuwa." Wallahi da hannuna na rubuta a gefe cewa ta amsa da bakinta ta kasa.

To littattafan da na karanta cewa suka yi abin da yake farkon jeri yana cikin wanda mutum ya fi riƙewa. Ga ni a Badafi na samo akasin haka. Kaina ya kumbura. Cikin mako ɗaya na rubuta babi na huɗu, da jadawali masu launi, har da dalilai na ƙago: wahalar haihuwar fari, daɗewar shekaru, yawan aikin gida. Na tura wa Dakta. Washegari ta kira, ba yabo ba faɗa, ta ce kawai tana so ta zo ta ga yadda nake aikin da idonta. (Ni a lissafina so take a sa sunanta a jikin abin kafin duniya ta ji.)

Ta iso ranar Larabar da hantsi. An yi dace mahaifiyar Hedimasta, Iya, ta dawo daga Tudun Wada inda ta je zaman jegon jikarta, ban taɓa gwada ta ba. Na ce ga sabuwar shaida. Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida ƙarƙashin darbejiya. Matan maƙwabta suka shigo ganin baƙuwa daga birni, kowacce da tiren gyaɗarta tana ɓara. Shi ma Hedimasta ya shigo gaida Dakta, ya tsuguna daga gefe. Na gyara mayafi, na kunna rikoda, na karanta tambayata da muryar masu labarai.

Iya ta yi shiru. Na sunkuya wajen Dakta na raɗa mata, "Kin gani ko?" Ba ta ko kalle ni ba. Can Iya ta fara daga na biyu, ta jero bakwai ba tuntuɓe, ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Da na tsaya nan, da da sauƙi. Amma son a ga gwaninta ya sa na karya dokar da na yi mako shida ina bi. Na cire iyafis, na nuna Hedimasta, ɗanta na fari, da biro, na ce cikin muryar lallashi, "Iya, kin tsallake ɗaya. Ga shi nan a gabanki. Daure ki tuna, ba gaggawa. In fara miki ki ƙarasa?"

Ƙarar ɓarar gyaɗa ta ɗauke gaba ɗaya. Hedimasta, mutum mai furfura, ya miƙe ya yi waje ko sallama babu. Iya ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ta juya wajen Dakta ta tambaye ta a hankali ko wannan 'yar tasu lafiyarta ƙalau. Dakta ta ce ƙalau take, karatu ne. Sannan Iya ta dube ni.

"'Yar nan, da sunan nan nake kwana, da shi nake tashi," in ji ta. "Shekara hamsin da ɗoriya ban bar shi ya fito bakina ba, ko lokacin da ya kwanta ciwon da muka fid da rai. Sai yau, saboda na'urarki? Ke a gidanku babu ɗan fari ne?"

Da ƙyar na ce, "Ni ce."

"To uwarki me take ce miki?"

Yayarsu. Abin da Umma take ce mini ke nan, ko "ke", ko ta aiko ƙanina ya kira ni. Shekarata talatin da ɗaya ban taɓa jin sunana a bakinta ba, kuma na san dalili, tun ina yarinya na sani. Kunyar ɗan fari ba labari ba ce a wurina, a cikinta na girma. Amma tun da na sa iyafis na zauna gaban kwamfuta ban tuna da ita ba ko sau ɗaya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Matan suka saki dariyar da ashe mako shida suke riƙe da ita. Wata ta ce su sun ɗauka a ƙasar waje aka haife ni, shi ya sa suke yi mini uzuri. Wata ta ce ita tausayina take ji, har addu'a ta sa aka yi mini.

A mota, bayan mun wuce gonakin rake, Dakta ta buɗe zancen. Ta ce tun a shafi na biyu ta gani, amma da ta faɗa mini a ofis da na ɗauko jadawali na yi mata gardama. "Awonki daidai ne," in ji ta. "Shirun nan an yi shi, tsawonsa ma ba ki yi kuskure ba. Abin da kika ce yana nufi ne ƙarya." Ta ce babi na huɗu ya mutu, saura mako bakwai a rufe zango, in koma wajen matan nan arba'in da tambayar da ta amince da ita, kuma in fara da neman gafara.

Na koma. Gida arba'in, ban haƙuri arba'in, dariya arba'in, kowane gida sai an sake ba ni labarin kaina kafin a bar ni in kunna rikoda. Da na ce su jero ƙauyuka, kafin in rufe baki sun kai Ba'awa sun dawo. Na kare kundin a makon ƙarshe, da ƙyar da jiɓin goshi, kuma ko murna ban iya yi ba don gajiya.

Da na fito daga ɗakin na kira Umma in gaya mata. Ban san abin da ya hau kaina ba, sai na ji na ce, "Umma, wai mene ne sunana?" Ta yi shiru har na duba ko layin ya katse. Sannan ta ce, "Ashe da gaske ne da ake cewa karatun nan yana taɓa mutum," ta kashe wayarta.

Tun daga ranar, duk tambayar da zan kai gidan mutane sai na fara gwada ta a kan Umma. In ta kashe waya, sai in soke.