Ragon da Ya Shiga Ciyawata

Ba zan taɓa mantawa da yammacin wata Laraba ba, ana gab da Babbar Sallah, ranar da bakina ya ja mini abin da har yau in na tuna sai na ji gumi ya karyo mini.

Wani kwas aka tura mu Abuja daga wurin aiki. A can na ga gidaje da ciyawar ado shimfiɗe a ƙofa, kore shar kamar darduma, na ce wallahi sai na yi irinta a ƙofar gidana a Rano. Na taho da saiwarta a buhu, na dasa, ina ba ta ruwa safe da yamma. Maƙwabcina Malam Sule ya tsaya yana kallona, ya ce, "Ikon Allah! Mu muna fama da noma mu cire ciyawa, kai kana yi mata ban ruwa." Na yi murmushi irin na wanda ya ga duniya.

Ta yi kyau kuwa. Har masu babur da ke bin hanyar garin Rurum sukan rage gudu su kalla (ko dai ni nake ganin haka).

Ruwan farko na sauka, na je ɗaurin aure Kibiya. Ina dawowa na tarar da ɓarna. Tumaki da awakin unguwa sun yi walima. Wani wuri an aske shi ƙwal, wani an tumɓuke har saiwa, ga ramukan kofato ko'ina saboda ƙasa ta jiƙe. Na duƙa gyara kamar mai jinyar ɗa. Na sassauta ƙasar da fartanya, na cike ramukan da yashi da taki, na ɗebo saiwa daga inda ta tsira na dasa a inda ta mutu. Na sa aka saro mini ƙaya na kewaye wurin. Bayana har ya daina miƙewa, matata Rabi tana shafa mini man zafi tana danne dariya.

Ciyawa ta fara farfaɗowa, sai ga Larabar nan. Na dawo daga aiki, na hango wani ƙaton rago fari ya ture ƙayar, yana tsakiyar sabon dashen yana kiwo hankali kwance. Na jefar da babur ko jingine shi ban yi ba. Muka zaga da ragon nan, na zame na faɗi a taɓo da farar shaddata, na tashi, na damƙe ƙahonsa da ƙyar.

Jama'a suka taru. Ni kuwa da na ga taro, sai wa'azi ya zo mini.

"Wannan ne! Na gane shi, shi ne shugaban ɓarayin rannan! Mai ragon nan ba shi da tausayi, ba ya tsoron Allah. Dabba ai halin mai ita take ɗauka. In ka ga rago ba tarbiyya, to gidan da ya fito babu ita!"

Na ji muryar Rabi daga soro, ƙasa-ƙasa: "Baban Amira, shigo ka ji."

"Ba inda zan shiga! Sai mai shi ya zo ya tsaya a gabana!"

"Don Allah ka shigo tukuna."

"Ki bar ni, yau sai na koya wa wani hankali!"

Sai labulen soro ya ɗaga. Wanda ya fito ba Rabi ba ce. Surukina ne, mahaifinta, Alhaji na garin Fassi, riƙe da tsinkakkiyar igiya a hannu. Mutumin da ko ido ban taɓa haɗawa da shi ba tun da ya ba ni 'yarsa.

"Ga ni na tsaya, Malam," in ji shi, a natse. "Ɗazun nan na kawo maka shi, na ce bana ka huta da sayen na layya. Igiyar ce ya tsinka." Ya dubi ragon, ya dube ni. "Zancen tarbiyya kuwa, a gida ɗaya aka yi musu ita, shi da matarka. Sai dai ka yi haƙuri da mu."

Malam Sule ne ya fara fashewa, sauran suka bi. Ni dai na tsinci kaina a durƙushe cikin taɓo, hannu ɗaya riƙe da ƙaho, ina cewa, "Baba, sannu da zuwa. Baba, ya hanya? Baba, ai ciyawar ma dama don shi na shuka." (Har yau ban san daga ina wannan maganar ta fito ba.)

Alhaji bai ƙara ɗaga zancen ba, wanda hakan ya fi duka ciwo. Da zai tafi ya duba shingen, ya ce ƙaya ba ta tare rago mai ƙarfi, in nemi wayar shinge. Na sa wayar, na sake dashe, ciyawa ta dawo. Amma a Fassi, duk wanda ya gan ni sai ya tambaye ni lafiyar "shugaban ɓarayi", alhali mun daɗe da cinye shi.

Yanzu ko akuya na gani tana cin tayar babur ɗina, sai na fara leƙa soro na ga ko muna da baƙi. In kuwa mace ta ce maka shigo ka ji, ɗan'uwa, saki ƙahon ka shiga.