Ranar da Na Soke Bakin Waya Biyu a Akwati Ɗaya

Ba zan taɓa mantawa ba da Juma'ar da na ja wayar intanet a gidan surukaina a Gadarif, ina jin kaina injiniya. Sana'ar da na gada saƙar angarib ce, gadon nan na igiya. Amma na taɓa riƙe wa maƙwabcin rumfata tsani sau biyu yana ja wa mutane waya (a wurina wannan ya isa takardar shaida).

Surukata Hajja Zainabu shekara tara ba ta ga fuskar ɗanta Usman ba, yana aiki a Jidda, ga idonta kullum raguwa yake. Usman ya aiko da kwamfuta, ya kuma roƙi awa ɗaya wurin maigidansa bayan sallar Juma'a don su ga juna ta bidiyo. In ta wuce, sai wani watan. Layin yana diwan, ɗakin baƙi maza, Hajja kuwa ba za ta zauna cikin maza ba. Dole a kai waya ɗakinta na ciyawa can ƙuryar gida. Na buga ƙirji na ce a bar mini.

Na sayo suwic, wani ɗan akwati mai ramuka takwas da ke raba layi. Na soke wayar layi a raminta, na soke ta diwan, na ja doguwar bisa sanduna har ɗakin Hajja saboda taɓon damina. Sai wata gajera ta yi saura. To, mahaifina da mari ya koya mini cewa masaƙin kirki ba ya barin bakin igiya yana reto. Na soke baki ɗaya a rami na bakwai, na lanƙwaso ɗayan na soke a na takwas. Tsaf.

Nan take fitilun akwatin suka kama ƙyaftawa gaba ɗaya, ba tsayawa. Na tsaya ina kallo ina tasbihi, a ce maganar duniya duka tana gudu cikin abin da bai kai tafin hannu ba! Har na kira surukina da maƙwabta su zo su ga ikon Allah. "Kun ga ƙarfin layi," na ce musu.

Lokaci ya yi, kwamfuta ta ƙi. Rabin awa ya tafi ina cirewa ina mayarwa, gumi har cikin takalmi. Duk wayoyin na taɓa ban da gajerar, don ita ce aikina mafi kyau. Matata Amina tana daga bayan katanga tana cewa Usman ya kira sau uku. Ban taɓa jin kunya da tausayi sun haɗu mini haka ba.

Sai ga Hajja, ta ja mayafi ta tsaya a ƙofar diwan, abin da ba ta taɓa yi ba. Maza suka matsa. Ta sunkuya tana lalubar wayoyin da yatsa.

"Usta, wannan ina ta nufa?" ta tambaye ni, don haka ake kiran mai sana'a a can.

"Ɗakinki, Hajja."

"Tamam. Wannan ƙaramar fa?"

"Daga nan ta fito... nan ta koma."

"Ya salam. Raƙumin matsar man riɗi ke nan, ya wuni yana zagaye bai bar gida ba. Khalas, cire ta."

Na cire. Fitilun suka natsu. (Daga baya maƙwabcin rumfata ya ce saƙo ne yake ta zagaye cikin akwatin har ya toshe hanya. Ya yi dariya har da zama a ƙasa.)

Daga cikin gida muka ji muryar Usman, tar, kamar yana tsakar gida. Ina daga bakin ƙofa na hango Hajja ta kai fuskarta dab da allon, tana shafa gemunsa da yatsa. "Ya waladi, ɗana, har ka yi furfura," ta ce. Minti ashirin suka samu. Sauran arba'in ɗin ni na cinye, kuma har ta rasu ba ta taɓa yi mini gori ba.

Gajerar wayar dai da ita ta riƙa ɗaure murfin kwandon kisra, wainar dawa ta can. Ni kuma na koyi cewa ba kowace igiya ke son a soke bakinta ba, kuma in abu ya faye walƙiya, in tambayi surukata kafin in tara maƙwabta.