Ranar da Muryata ta Riga Ni Isa Gaban Taro

Ba zan taɓa mantawa da ranar baje kolin kulob ɗinmu na kimiyya ba, ina aji biyar a wata sakandare a Jibiya. Lokacin Shari'a ta kankama, kiɗa ya yi ƙaura daga gari, ko gangar biki sai dai ka jiyo ta daga tsallaken iyaka.

Malam Hamisu, malaminmu na fiziks, shi ya kafa kulob ɗin. Kafin zuwansa, mun haddace yadda lantarki ke tafiya kamar karatun allo, amma ko kwan fitila ba mu taɓa haɗawa da batir ba. Shi ya riƙa tura mu kasuwa ranar Lahadi mu tsinto matattun rediyoyi, mu farke cikinsu, mu ƙona yatsu da dalma. Wallahi a nan na fara gane abin da nake rubutawa a jarrabawa. Wasu suka haɗa murhu mai dafa ƙwai da zafin rana, wasu fanka. Ni kuwa (da yake ban iya ƙaramin buri ba) na ce gidan rediyo zan ƙera sukutum, a cikin gwangwanin madara: ka yi magana a nan, rediyo ta kama a can, babu waya.

Matsalar ita ce Firinsifal. Mutum ne mai jiki, mai tumbi, kuma ya sha faɗa a asambuli cewa kulob ɗin nan wasan yara ne. Ya ce in baje kolin bai burge iyaye ba, zai rufe shi.

Ranar ta zo, fili ya cika. Ga iyaye, ga 'yan kasuwar Maraɗi da 'ya'yansu ke karatu wurinmu, ga shugaban kwamitin Shari'a na gari da rawaninsa. Ga kuma Babana a layin gaba, ya sha babbar riga. Aka ɗora rediyo a teburin manyan baƙi, aka kara mata lasifika. Na fito ina taku ɗai-ɗai, na ɗaga gwangwanina, na ce, “Assalamu alaikum.”

Shiru. Rediyo sai shuuu take yi. Na sake. Shuuu.

Malam Hamisu ya raɗa mini, “Je ka bayan ɗakin gwaji ka duba, wata waya ce ta saki. Bari masu fanka su shiga.”

Na ruga gindin bedin da ke bayan ɗakin gwaji, gumi har cikin ido. Ina buɗewa kuwa na ga 'yar wayar da ta ɓalle. Na murɗa ta, 'yar fitilar gwangwanin ta kawo ja. Jama'a, daɗi kashe ni! Ko kaɗan ban tuna cewa ba wanda ya kashe rediyon can ba.

Na kai gwangwani baki na fara yi wa kaina kirari. “Sai ni injiniya ɗan Jibiya! Na gagari Katsina, na gagari Maraɗi!” Na jawo wata tsohuwar jarka na hau kiɗa da hannu ɗaya, ina waƙa da 'yar siririyar murya irin ta amare (har yau ban san inda na samo muryar nan ba). Da abin ya yi mini daɗi sai na ƙara da cewa, “Ina Firinsifal mai cewa wasan yara ne? Fito ka gani, tankar mai!”

Na dawo fili ina fara'a, ina ɗaga gwangwani sama. Sai na ga kowa ni yake kallo. Masu fanka sun tsaya cak. Malam Hamisu ya dafe kai. Babana ya ja hularsa har ta rufe gira. Na ce a raina, to, me ya faru? Na matso da gwangwani na yi gyaran murya, sai na ji gyaran muryata ya fito ta lasifika, rangaɗau.

Ashe duk kirarin nan da waƙar a kunnen taro na yi su.

Firinsifal ya miƙe a hankali, ya gyara riga a kan tumbinsa, ya ce, “Injiniya, ga tankar mai ta fito. Mi za a nuna mata?”

Fili ya fashe da dariya. Wani Alhaji daga Maraɗi har da faɗowa daga benci yana cewa, “Wallahi lakwal ɗin ga ta iya koyarwa!” (makaranta yake nufi). Ni dai shugaban kwamiti nake satar kallo, ina lissafin bulala. Ya yafito ni, na durƙusa.

“Yaro, daga ina kake maganar nan?”

“Bayan ɗakin gwaji, Allah gafarta Malam.”

“Ba waya?”

“Babu.”

Ya jinjina kai. “Waƙar dai ba ta da daɗi, kar ka sake. Amma in abin ga zai kai wa mata tafsiri cikin gida, a ƙera mini biyu.”

Ba a rufe kulob ba. Ni kuwa na yi mako ina nome ciyawar ofishin Firinsifal, bayan Babana ya ja ni da kunne na ba shi haƙuri. Yau sana'ata haɗa sola da gyaran na'urori, da ita nake ci da iyalina, amma ko 'ya'yan abokaina Tankar Mai suke kirana.

Abin da na koya shi ne, na'ura ba ta da kara ko ta miskala. In ka ƙera abin da ke ɗaukar magana, fara ƙera wa bakinka makunni.